Hannun Gwani a Hidimar Ubangiji: Kadawa da Tarihin Mishan a Ƙasar Hausa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure ya rataya ne a wuyan masu sana'a. Ruwa yakan biyo babbar hanya ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai, amma kafin ya isa gindin tumatir sai an sami wanda ya iya daidaita fili. In gefe ɗaya ya yi tudu, ruwan ya kwanta a kwari, saiwa ta ruɓe a nan, shuka ta bushe a can. Akwai mai gyaran injin ban-ruwa, da mai walda, da masaƙin kwandunan da ake lodi a Kwanar Gafan. Kiristoci 'yan tsiraru ne a wannan yanki, shi ya sa tambayar ta fi nauyi a kansu: aikin hannu ibada ne, ko neman abinci kawai?

Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, bai bar wurin kokwanto ba. A Fitowa sura 31, Bezalel ne aka cika da Ruhun Allah, kuma aikin da aka ba shi na maƙera ne da masassaƙa. Bulus ɗinkin tanti yake yi a Koranti, Yesu kuwa mutanen garinsu da sassaƙa suka san shi.

Tarihin mishan ma haka ya nuna. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita wa'azi a masarautun Musulmi, don haka abin da talaka ya fara gani shi ne gwaninta. Da 'yan mishan na CMS suka bar birnin Zariya zuwa Wusasa a 1929, magina Hausawa ne suka tayar da majami'ar Saint Bartholomew da tubali da azara, da bakan gizo irin na soron sarakuna. Ginin yana nan har yau. A Kano, asibitin ido da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1943, wanda yanzu ke hannun ikilisiyar ECWA, ya yi suna ne saboda mai yanar ido yakan shiga da ɗan jagora ya fito da ƙafarsa.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar manomin Kadawa yana Maraɗi, a Nijar. A 1983, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan dashen itatuwa ya yi ta ci masa tura, ya lura cewa ciyayin da ake sharewa lokacin sassabe tohon kututture ne masu rai. Dabarar ba ta wuce wuƙa da ido ba: a zaɓi reshe mafi ƙarfi, a datse sauran, a kare shi daga awaki. Manoma, galibinsu Musulmi, suka karɓa suna koya wa juna, har aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar.

Akwai ƙorafi, kuma ba na banza ba ne. Musulmi da dama sun ɗauki asibiti da makarantar mishan a matsayin koto a bakin ƙugiya. Inda aka yi hakan, sana'ar ce ta zubar da mutuncinta, domin aikin da aka yi don Allah ba ya tambayar addinin mai gona kafin a ɗaure noti da kyau. Dabarar Maraɗi ta bazu ne don tana aiki, ba a gindaya wa kowa sharaɗi ba.

Abin mamaki, ikilisiyoyi da yawa a yau sun fi ɗaukaka mai riƙe makirufo a kan mai riƙe sifana. Ana tara baiko don tura saurayi makarantar tauhidi, ba kasafai ake yin haka don kai shi garejin gyaran inji ba. Alhali Kura ta daɗe da sanin yadda ake renon gwani: marinanta da 'yan bugu, masu turkuɗin da Buzaye ke saye har cikin Sahara, shekaru yaro ke yi a hannun ubangidansa kafin a yaye shi. Ikilisiyar karkara a kudancin Kano na iya ɗaukar nauyin abinci da kayan aikin yaro ɗaya na tsawon waɗannan shekarun, daga hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka.