Dutsen da Ke Kwance a Ƙarƙashin Ƙasar Bade

Mutumin Jakusko ko Gashua zai iya tsufa bai taɓa taka falalen dutse a gonarsa ba. Rairayi ne, sai yumɓun fadama, sai tuddan yashi idan aka nausa arewa wajen Yusufari. Amma mu da muka ci abinci da haƙar burtsatse mun san dutsen yana nan. Giranit ne da danginsa, irin wanda ya fito fili a Dutse da Birnin Kudu. Yana nutsewa a hankali in aka yi gabas, har rairayi da yumɓun kwarin Chadi suka binne shi. A yankinmu, wurare da dama sai an wuce mita 100 kafin a taɓa shi. Wajen Maiduguri kuwa maganar kilomitoci ake yi.

Kafin zuwan inji, masu haƙar rijiya na gargajiya ne suka san ƙasar nan, da launi da ɗanɗano suke gane inda ruwa yake. Rubutu ya shigo da J. D. Falconer, wanda littafinsa kan duwatsun Arewa ya fito a 1911. An kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a 1919, a 1934 kuma Raeburn da Jones suka fitar da rahotonsu kan kwarin Chadi da ruwansa. A shekarun 1950 aka huda yumɓu mai kauri a Borno, ruwa ya riƙa tsirtowa sama da kansa ba famfo. Rahoton Barber na 1965 da binciken da aka yi tare da masana daga Amurka su suka tabbatar mana da hawa uku na ruwa a kwarin: na sama, na tsakiya, na ƙasa. An bar rijiyoyin nan na Borno da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu ya ragu, wannan asara ce da har yau take yi mini ciwo. Amma mutanen wancan zamani suna da hali guda da ba zan daina yabo ba: duk abin da ya fito daga rami sai sun rubuta shi, da zurfin da ya fito.

Farin 1973 da na 1984 su suka cika Arewa da injunan haƙa, sana'ar kuma ta rabu gida biyu. Mu na ƙasar rairayi da ruwan laka muke haƙa, bakin inji yana juyawa, lakar tana riƙe bangon rami kada ya rufta. Mutanen Kano, waɗanda suka goge a aikin hukumar noma da raya karkara ta KNARDA na shekarun 1980, guduma da kwampireso ne makaminsu, domin su da giranit suke kokawa.

Dutsen nan yana da halinsa. Guntun da ya kai mita 1 ta kowane gefe nauyinsa wajen tan 2.7 ne. In danna shi za a yi, ya ninka kankaren gini ƙarfi sau da yawa, amma in aka ja shi, ko kashi 1 cikin 10 na wannan ƙarfi da kyar yake kaiwa. Shi ya sa guduma take cin sa: dukansa take yi yana tsagewa yana zama gari. Lafiyayyen giranit kuma ba ya shan ruwa, kofofinsa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen samansa, inda ya lalace ya koma tsakuwa da yumɓu, da kuma cikin tsagogi. Ga abin da masu biyan kuɗi ba sa son ji: ƙara zurfi ba ya ƙara ruwa a cikin dutse. Kowace kilomita ta zurfi tana ɗora nauyin kilo wajen 270 a kan fili mai faɗin farcen yatsa, zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30, nauyin nan kuma yana matse tsagogin. Gaskiya ne Rashawa sun kai mita 12,262 a Kola a 1989, suka tarar da zafin digiri 180 da ruwa a cikin dutse, amma wannan ba ruwan da gari zai sha ba ne. Ga mai neman na sha, in an wuce mita 80 zuwa 100 cikin lafiyayyen dutse ba a gamu da tsaga ba, galibi man dizil kawai ake ƙonawa. A ƙasar Bade kuwa, ranar da baki ya taɓa dutse haƙa ta ƙare, sai a duba rairayin da aka ratso a zaɓi inda za a sa matata.

Shirin raya busasshen yankin arewa maso gabas, NEAZDP, da ya zauna a Garin Alkali a shekarun 1990 ya tara bayanan ruwan yankin nan da yawa. Yau kuwa injin haya zai zo da dare, ya huda, ya karɓi kuɗi, ya tafi, ba wanda ya san a mita nawa aka sami yumɓu, a nawa aka sami rairayi. Idan rijiyar ta ƙafe, wanda ya zo gyara lalube zai yi.

Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomin Jakusko, Bade da Nguru: kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya miƙa takardar da ta nuna abin da ya ratsa mita bayan mita, a kuma adana ta a sakatariya.