Tarihin Ɗaukar Ƙaramar Bindiga a Amurka: A Fili ko a Ɓoye

Ɗaukar ƙaramar bindiga don kare kai iri biyu ne a dokokin Amurka: ko mutum ya ɗaura ta a ƙugu kowa na gani, ko ya ɓoye ta a ƙarƙashin riga ko cikin jaka. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba jama'a 'yancin mallakar makami da ɗaukarsa, sai dai bai fayyace yadda za a ɗauka ba. Jihohi ne suka riƙa yanke hukunci, kuma cikin shekaru ɗari biyu hukuncin ya juye baki ɗaya.

A farkon ƙarni na 19 ɓoye makami ne abin kunya. Mutanen lokacin suna ganin mai gaskiya ba ya ɓoye abin da yake ɗauke da shi, maci amana ne ke sakaye wuƙa ko bindiga don ya shammaci abokin faɗa. Jihohin Kentaki da Luwiziyana suka haramta ɓoyewa a 1813, wasu jihohi, musamman na kudu, suka bi sahu. A 1822 kotun Kentaki ta soke dokar jihar a shari'ar wani mutum mai suna Bliss, wanda aka kama da takobi a cikin sandar hannu, amma yawancin kotunan wasu jihohi ba su bi wannan hukunci ba. Babbar kotun Jojiya a 1846 ta ce gwamnati na da ikon hana ɓoyewa, ba ta da ikon hana ɗauka a fili. Ta Luwiziyana ta yanke makamancin haka a 1850, bisa hujjar cewa makamin da ke fili yana ba kowa damar sanin da wa yake hulɗa.

Ko garuruwan yammacin ƙasar ba su kai sakacin da finafinai ke nunawa ba. A Tombstone an hana yawo da makami cikin gari a 1881, kuma yunƙurin ƙwace bindigogin wasu mutane ne ya haddasa wani sanannen artabu a watan Oktoba na shekarar.

Ƙarni na 20 ya zo da tsarin lasisi. Dokar Sullivan ta jihar Niyok, ta 1911, ta wajabta neman izini, a hannun hukuma kuma aka bar zaɓin wanda za a ba. A nan ne rashin adalcin ya fito fili, domin izinin ya dogara da fuskar mai nema. A 1956, bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a Montgomery, ya nemi izinin ɗaukar bindiga aka hana shi. Ɗauka a fili ma ba ta tsira ba da baƙaƙen fata suka rungume ta. 'Yan ƙungiyar Black Panther sun riƙa bin 'yan sanda a Oakland da bindigogi a bayyane, abin da dokar Kalifoniya ba ta hana ba a lokacin. Ranar 2 ga Mayun 1967 wasunsu suka shiga ginin majalisar jihar a Sacramento da makamai. Kafin ƙarshen Yuli Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar Mulford, wadda ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a bainar jama'a. Duk mai son fahimtar wannan tarihi ba zai iya tsallake batun launin fata ba.

Daga 1987 al'amarin ya sake salo. Jihar Fulorida ta kafa doka cewa duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisin ɓoyewa, jihohi da dama suka kwaikwaye ta. A Teksas, kisan mutum 23 a wani gidan abinci a Killeen a 1991 ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi. Suzanna Hupp, wadda aka kashe iyayenta a wurin, ta shaida wa 'yan majalisa cewa ta bar bindigarta a mota ne don bin doka. Gwamna George W. Bush ya sa hannu kan dokar ɓoyewa a 1995, ɗauka a fili kuwa sai a 2016 aka halatta ta a jihar. Abin da a da aka ɗauka ha'inci shi ya riga ɗan'uwansa samun amincewa da kimanin shekara ashirin.

Masu ɓoyewa a yau suna cewa ba sa firgita jama'a, kuma ɗan fashi ba ya sanin wa zai fara harbi. Masu ɗauka a fili suna cewa ganin makamin kan sa mugu ya ja da baya. Masana har yanzu suna jayayya kan tasirin dokokin ga yawan laifuka.

Illinois ce jiha ta ƙarshe da ta halatta ɓoyewa, a 2013. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta soke sharaɗin Niyok na sai mai nema ya nuna dalili na musamman. Zuwa 2024, jihohi 29 daga cikin 50 ba sa buƙatar lasisi kafin baligi ya ɓoye bindiga a jikinsa.