Amosanin gaɓɓai da ƙarancin jini: Yadda maganin gwiwa ke shanye jinin mai shan sa

A ƙasar Gumel, idan dattijo ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga zaune, akan ce sanyi ne ya shige shi. Idan bayan ’yan shekaru ya fara haki daga gida zuwa masallaci, idanunsa suka yi fari, sai a ce jininsa ya yi ƙasa, a sayo masa kwalbar maganin ƙarin jini. Ana ɗaukar larurorin biyu a matsayin abubuwan da ba su haɗa hanya ba. Amma sau da yawa, maganin da ake sha domin ta farko shi ne ke haifar da ta biyu.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓa

Amosanin gaɓɓai irin na zaizayewa yana samuwa ne idan guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa ya siɗe, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Ya fi kama gwiwa da kwatangwalo da yatsun hannu da ƙashin baya. Ciwon yana tsananta da aiki, ya lafa da hutu, kuma sandarewar da mutum ke ji da asuba takan sake shi kafin rabin awa. Idan sandarewar tana wuce awa guda, gaɓɓan hannu biyu kuma sun kumbura tare, to likita zai yi zargin wani nau’in amosanin na daban, wanda garkuwar jiki ke haddasawa, kuma maganinsa daban ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan larura a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Shekaru da ƙiba da tsohon rauni da aikin ƙarfi su ne manyan masu jawo ta. Manomin Gagarawa da ya yi shekara 40 a sunkuye, da ɗan dakon da ke loda buhunan riɗi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da ma’aikacin ofis da teɓa ta yi masa nauyi, duk suna cikin sahu ɗaya. Guringuntsin da ya riga ya zaizaye ba ya dawowa, ko da kuwa mai tallar magani da lasifika ya rantse da akasin haka.

Inda jinin ke tafiya

Mai ciwon gwiwa a Sule Tankarkar ko Maigatari, kemis ne likitansa na farko. A can zai samu diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci ma a haɗa masa biyu ko uku a ƙulle cikin leda ɗaya. Magungunan suna aiki, shi ya sa ake komawa. Sai dai dukkansu dangi ɗaya ne, kuma hanyar da suke bi su kashe raɗaɗi ita ce dai hanyar da suke raunana majinar da ke kare bangon ciki daga ruwan tsami. Idan aka ɗauki watanni ana sha, musamman da wofin ciki, ciki yakan yi gyambo ya riƙa tsiyayar jini kaɗan-kaɗan. Mutum ba ya ganin jinin. Abin da yake gani shi ne kasala da jiri da bugun zuciya, wani lokaci kuma bayan gida baƙi ƙirin mai wari. Kowane ɗigo da ya fita yana tafiya da sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda ya haura shekara 65, da wanda ya taɓa yin olsa, da mai shan asfirin saboda zuciya, da wanda ake cusa wa dexamethasone ko prednisolone a cikin haɗin. Waɗannan magunguna na raɗaɗi suna kuma taɓa ƙoda, ita kuwa ƙoda ita ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini. Ga kuma ƙaho: wanzami ya tsaga gwiwa ya zuƙe jini, a jikin da dama jinin bai ishe shi ba.

Duk wannan yana sauka ne a kan jikin da tun farko ba shi da rara. Binciken lafiyar al’umma na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Macen da ta yi haihuwa takwas, ta sha fama da zazzaɓin cizon sauro kowace damina, ta iso shekarun ciwon gwiwa da ma’ajiyar ƙarfe kusan fanko.

Akwai wani rukunin da ya kamata a ware. Matashin da ke ɗingishi da ciwon kwatangwalo, ga kuma ƙarancin jini tun yana yaro, a fara duba ko sikila ce, domin takan toshe jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu. Irin wannan ba a ba shi ƙwayar ƙarfe sai da gwaji.

Abin da za a nema a asibiti

Gwajin farko mai sauƙi ne, kuma ana samun sa a manyan asibitoci irin Babban Asibitin Gumel: a auna yawan jini. A ma’aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da sinadarin jan jininsa ya gaza giram 13 a kowace desilita, ko macen da ba ta da ciki wadda nata ya gaza 12, suna da ƙarancin jini. Amma adadin shi kaɗai bai gama magana ba. Tambayar ita ce ta ina jinin ke fita, kuma ga namiji ko macen da ta daina al’ada, amsar tana yawan kasancewa a ciki ko hanji, har sai bincike ya nuna ba haka ba. Shi ya sa ake duba bayan gida saboda jini da tsutsar ciki, a duba ƙoda, wani lokaci a tura mutum a leƙa cikinsa da na’ura. Majinyaci ya tafi da duk ledojin magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Da yawa ba sa ambaton na kemis, don ba sa lissafa shi a cikin magani.

Idan ƙarfe ne ya yi ƙaranci, ƙwayarsa mai arha ta fi yawancin kwalaben da ake tallatawa, kuma akan ci gaba da sha kimanin wata uku bayan jini ya daidaita domin ma’ajiya ta cika. Ita ma tana baƙanta bayan gida, don haka a tambayi likita yadda za a bambance. Hanta da nama da wake da zogale suna taimakawa, lemo da gwaba da garin ’ya’yan kuka suna sa hanji ya karɓi ƙarfen. Shayi kuwa yana hana shi shiga, sai a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da ƙwayar.

Ita kuma gwiwa, abin da ya fi yi mata amfani ba ya cikin kwalba. Ƙarfafa naman cinya ta hanyar miƙe ƙafa daga zaune a riƙe a sauke, tafiya daidai gwargwado, da rage nauyi: kowane kilo ɗaya da aka zubar yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba. Kujerar sallah da masai na zama suna rage tsugunon da ke tayar da ciwon. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya sauƙi ga ciki, kuma idan na haɗiyar ya zama dole, likita kan haɗa shi da omeprazole na ɗan lokaci.

Idan gaɓa ta lalace har barci ya gagara, akwai aikin sauya ta da ta roba da ƙarfe, wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da aka kafa a 1959, mai nisan kimanin kilomita 120 daga Gumel. Aikin yana da tsada, don haka ma’aikacin gwamnati da ke cikin tsarin inshorar lafiya ya fara tambayar abin da tsarin ya ɗauke masa, ya kuma karɓi takardar turawa daga asibitin da ke duba shi. Aiki ne da ake zubar da jini a cikinsa, kuma likitocin tiyata sukan ɗage shi ga wanda jininsa ya yi ƙasa har sai an gyara. Wanda ya fara maganin ƙarancin jinin tun a Gumel, ya isa Dala da sakamakon gwaji da hoton ƙashinsa a hannu, ya rage wa kansa zirga-zirga a kan hanyar Kano.