Yaye Da Lafiyar Yaro: Abin Da Aka Gano A Akara Da Imesi-Ile

 Duk wadda ta yi goyo ta san wannan: yaro yana kan nono ɓul-ɓul da shi, ana yaye shi sai ciwo ya buɗe masa ƙofa, yau zawo, gobe zazzaɓi, jibi tari. Iyayenmu kan ce kewar nono ce, wasu su ce baki ne. To, wannan matsala tana da tarihi, kuma wani babban yanki nasa a nan kusa da mu aka yi shi, cikin ƙasar Yarabawa.

Bari mu fara da gida. A al'adar Bahaushe yaro kan sha nono kusan shekara biyu, daidai da abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Ranar yaye a kai shi wurin kaka, ta yi ta lallaɓa shi da kunu da fura har ya manta. Macen da ta yi kwanika kuwa, wato ta samu ciki tana goyo, tsegumin mata kaɗai ya ishe ta. Da kakanninmu suka biyo fataucin goro da shanu suka zauna a wurare irin su Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, sai kaka ta zama tana can Arewa. Wa za a kai wa yaron? Sau da yawa kokon masara ne ya tsaya a matsayinta, ga shi da arha, ga shi a kowace kwana.

Illar dogara da kokon nan wata likita ce ta fara rubuta ta, Sisili Wiliyams, haifaffiyar Jamaika, wadda ta je aiki Gwalkwas, Gana ta yanzu, a 1929. A asibitin yara na Akara ta riƙa ganin 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafa a kumbure, gashi ya yi ja, fata na saɓulewa. Ta lura kusan dukkansu an cire su daga nono an bar su da kokon masara zalla. Ta bayyana cutar a 1933, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Kun ji fa. Abin da tsofaffinmu ke gudu a kwanika ke nan.

Sai 1956, Dokta Debid Moli ya zo daga Ingila ya kama aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha. Maimakon ya zauna jiran marasa lafiya, sai ya mai da hankali kan ƙauyen Imesi-Ile, shi da ma'aikaciyar jinya Magaret Udland, suka riƙa bin yara sama da 400 tun daga haihuwa, ana ɗora su a sikeli wata-wata. A nan aka ga abin ƙuru-ƙuru. Yaron da nauyinsa ya tsaya cik, shi ne ƙyanda ko zawo ko tarin shiƙa ke kayarwa. Idan ya tashi daga ciwon ya ƙara ramewa, ramar kuma ta gayyato wani ciwon. Ƙyanda ta fi kowace ɓarna, don takan bar yaro da gyambon baki da zawo, ya kasa cin abinci makonni, daga nan sai kumburi. Masana na yanzu sun ƙara gano cewa ƙyanda tana shafe wani ɓangare na kariyar da jiki ya riga ya tara, yaro ya koma kamar bai taɓa haɗuwa da cututtukan ba.

Daga wannan aiki aka samu asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, da katin awon nan da ake ba uwa ta ajiye a hannunta, wanda ya bazu ƙasashe da yawa. Ni dai a ganina hikimar tana wurin ba uwa katin. Ko ba ta yi boko ba, ta san layin da ke hawa da wanda ya kwanta. A wannan yanki ne kuma aka yi gwajin allurar ƙyanda a farkon shekarun 1960. Ka ga mutumin da ya fi kowa nacewa a kan abinci bai ce abinci ya isa ba, mu ma kada mu ce. Allurar tana nan, ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15.

Bayan haka sai yayin bulumboti ya shigo birane, ana ganin madarar gwangwani ita ce wayewa. A gidan haya mai famfo ɗaya, ina ruwan wanke kwalba sau shida a rana? Ga tsada, sai a tsinka madarar ta yi nisa. Zawo ya kwashe yara da yawa kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar irin wannan madara a 1981. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ta fama a kan shayarwa da ruwan gishiri da sukari. Shawarar hukumar tun 2001 ita ce nono zalla wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci har shekara biyu ko fiye. An zagayo an dawo kan shekara biyun kakanninmu.

Sai dai ba duk abin da muka gada ne ya ci jarrabawa ba. Dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ya fi ɗauke da abin da ke kare jariri daga cuta. Hana yaro ƙwai wai zai yi sata, wannan mu da maƙwabtanmu duk mun yi tarayya a ciki, alhali ƙwai na cikin abin da ya fi gina shi. Manja kuma, da wasunmu har yau suke yatsina fuska suna cewa man Yarabawa, yana cike da sinadarin bitamin A mai kare ido da taimakon jiki wajen yaƙar cuta, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba. Kokon da Wiliyams ta yi kuka da shi ma ba laifinsa ba ne, tsinkewa da zama shi kaɗai ne matsalar. A dama shi da kauri, a sa tunkuza ko garin waken suya ko dakakken busasshen kifi, a ɗiga manja, yaro ya ci sau huɗu ko biyar a rana a kwanonsa shi kaɗai, don a san abin da ya shiga cikinsa.