Gandun Daji a Jihar Kaduna: Inda Kuɗin Kula da Su Ke Fitowa da Matsayin Al'ummomin da Ke Kewaye

Jihar Kaduna tana da gandun daji iri biyu, kuma kowane iri da hukumar da ke ɗaukar nauyinsa. Na farko shi ne Gandun Daji na Ƙasa na Kamuku da ke ƙaramar hukumar Birnin Gwari, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Hukumar En'e ce ta keɓe shi a shekarar 1936, sannan Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999 ta sanya shi ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa. An san shi da giwaye da gwanki da kanki da gwaggon biri.

Iri na biyu su ne dazuzzukan da ke hannun gwamnatin jiha. Daga cikinsu akwai na Kagoro da Nindam a kudancin jihar, kusa da Kafanchan, ba nisa da Zonkwa. Ruwan sama mai yawa da ke sauka a gindin duwatsun Kagoro ya samar da kurmi irin na kudancin Najeriya, har masana suka sanya yankin cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye. Sai dai noma da saran katako da na itacen girki sun ci wani ɓangare na kurmin.

Kamuku yana dogaro ne da kasafin kuɗin tarayya, dazuzzukan kudanci kuma da abin da jiha ta ware wa sashen kula da daji. Kuɗin shiga daga masu yawon buɗe ido, wanda ake yawan ambata a matsayin mafita, bai kai ya riƙe babban gandu ba. A Kamuku ma 'yan bindiga da ɓarayin shanu sun shafe shekaru suna fakewa a dajin da maƙwabcinsa na Kuyambana da ke Zamfara, lamarin da ya hana baƙi zuwa. Kuma ko baƙo ya zo ko bai zo ba, dole a biya albashin masu gadi, a sayi man motocin sintiri, a gyara hanyoyin cikin daji bayan kowace damina.

Wannan giɓi ne ya haifar da tsarin haɗin gwiwa: gwamnati ta ci gaba da mallakar ƙasa da ikon hukunta masu laifi, wata ƙungiya mai zaman kanta kuma ta nemo kuɗi daga masu ba da tallafi ta gudanar da aikin yau da kullum. A 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar ta ƙasa kan Gashaka Gumti, gandu mafi girma a Najeriya, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. A Bauchi kuwa, ƙungiyar WCS ta shiga aikin kare Yankari tare da gwamnatin jihar a 2014. Irin wannan tsari ne aka bi a gandun Zakuma na ƙasar Chadi, inda giwaye suka ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi aikin. Daga baya yawansu ya fara ƙaruwa.

Abin da ya fi kuɗi wahalar samu shi ne amincewar maƙwabta. Manomin da giwa ta tattake masa gona cikin dare, ko makiyayin da iyakar gandu ta toshe masa burtali, ba zai kai rahoton mafarauci ba sai ya ga abin da dajin ke amfana masa. Shi ya sa a Yankari aka ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye aikin sa ido kan giwaye, suna sanar da masu gadi da zarar garke ya doshi gonaki. A Gashaka Gumti kuma tun asali an bar wasu yankunan kan duwatsu ga Fulani makiyaya da manoma su ci gaba da zama a cikin gandun, ana kuma ɗaukar masu gadi daga garuruwan yankin. Namibiya ta wuce nan: dokar da ta yi a 1996 ta bai wa al'ummomin karkara damar kafa ƙungiyoyin kula da namun dajin yankunansu tare da riƙe kuɗin da suka samu.

Kwaikwayon Namibiya kai tsaye zai yi wuya a nan, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. A kudancin Kaduna kuma batun fili ba abin wasa ba ne. Manoman citta suna neman sabuwar gona, makiyaya suna neman ciyawa har a wajen makiyayar Ladduga da aka keɓe musu a Kachia, kuma rikici kan ƙasa ya sha jawo asarar rayuka. Duk wata yarjejeniya kan Kagoro da Nindam za ta buƙaci sa hannun sarakuna da dagatai da arɗo-arɗo, a fayyace a rubuce wanda zai ɗebi itace ko zuma ko magani, da lokacin da za a yi hakan, da kason kuɗin da zai koma ƙauye.

A ɓangaren tarayya nauyin ƙaruwa yake yi. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandun daji na ƙasa guda 10 a kan bakwai da ake da su, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, Marhai a Nasarawa da Pandam a Filato, kuma kowannensu zai nemi nasa kason a kasafin kuɗin da Kamuku ke ci daga cikinsa.