2.3 Kafuwar Gagarawa Tasha da Dalilan Koma-bayanta

Masarautar Kazaure, wadda ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ba ta sami layin dogo ba a zamanin Turawa, haka ma ƙasar Ɓaɓura. Saboda haka wannan nazari ya juya gabas zuwa ƙasar Gumel, inda ake samun misalin ƙauyen da jirgin ƙasa ya haifa, wato Gagarawa Tasha.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Daga baya Turawa suka shimfiɗa reshe mai tsawon kimanin kilomita 230 daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Manufarsu ita ce kwasar gyaɗa da fatu zuwa bakin teku. Da yake dogon bai shiga garin Gumel ba, sai Gagarawa ta zama mafitar amfanin gonar wannan masarauta. Sannu a hankali ma'aikatan reluwe da leburori da 'yan baranda da masu sayar da abinci suka yi ta kafa gidaje a gefen tashar, har mazaunin ya rabu biyu: Gagarawa Gari, wato tsohon garin, da kuma Gagarawa Tasha. Wannan suna kansa ya ishe mu shaida, domin ba daga wani mutum ko wata bishiya aka samo shi ba kamar yadda aka saba a ƙauyukan Hausa.

A ganin mai wannan nazari, raunin ƙauyen yana cikin asalinsa, domin arzikinsa ya rataya ne a kan amfanin gona guda ɗaya da hanya guda ɗaya. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da kuma kuturun gyaɗa na 1975, sun karya noman gyaɗa a arewacin Nijeriya. Manyan motoci suka ƙwace sauran dakon, sannan gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Daga nan hada-hadar kaka ta ja baya a tashoshin wannan layi.

Ita kuwa Kazaure, sai a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta cikinta, shekara 91 bayan dogo ya kai Nguru.