Arahar man fetur ta taɓa ruɗa ta: tarihin 2014 zuwa yau, ga 'yan uwa na Xiaobei da Sanyuanli

Lokacin da matatar Dangote ta fara rage farashi, duk wanda ya kira gida labari ɗaya ya riƙa ji, wai mai ya ɗan sauka, a turo kuɗi a sayi mota. Kafin ka tura, ɗan uwa, zauna in ba ka tarihi. Ni mai ɗaurin kaya ne da loda kwantena, kuma abin nan a gabana ya faru.

A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 110. Amurka ta cika kasuwa da sabon man da take haƙowa daga cikin duwatsu, Saudiyya da sauran 'yan OPEC suka zauna a watan Nuwamba suka ce ba za su rage nasu ba. Sai farashi ya yi ta gangarowa, zuwa Janairun 2016 ganga ta koma ƙasa da dala 30.

Ba'amurke ya ga canji ya rage a aljihunsa, ya ajiye ƙaramar mota ya koma kan jif da manyan a-kori-kura. Har ta kai a 2018 kamfanin Ford ya ce zai daina sayar da yawancin ƙananan motocinsa a can.

Nan Chaina ma an yi rububin jif a 2015, Haval H6 duk titin da ka duba tana nan. Amma ku lura da abin da hukumarsu ta yi, don nan ne wayon yake. Daga ƙarshen Nuwamban 2014 zuwa Janairun 2015 sau uku suna ƙara harajin mai, ma'ana ba su bar duk arahar ta isa gidan mai ba. A Oktoban 2015 suka rage rabin harajin sayen mota, amma ga mai injin da bai wuce lita 1.6 ba kaɗai. A Janairun 2016 kuma suka kafa doka: in ganga ta yi ƙasa da dala 40, farashin lita ba zai ƙara sauka ba. Ga shi Guangzhou tun 2007 ta hana babur a cikin gari, tun 2012 kuma lambar mota sai ta ƙuri'a ko gwanjo. Kun ga ko mai ya zama kyauta, Basine ba ya tashi haka kawai ya sayo mota. Mai lantarki ce aka sauƙaƙa wa lamba, shi ya sa yau koriyar lamba ta cika titi.

To mu fa? A Janairun 2015, ana dab da zaɓe, gwamnatin Jonathan ta sauke lita daga naira 97 zuwa 87. Murna har a nan Tianxiu. Ni a lokacin ban daɗe da zuwa ba, na tara ɗan abin da na tara a bakin kwantena, na tura wa ƙanena ya sauka Kwatano ya ɗauko mana jif 'yar Beljiyam mai silinda shida. Lissafinmu shi ne haya ta biki da ɗaukar baƙi, mai kuwa ai ya yi araha.

Abin da ban gane ba, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini: Chaina da Amurka masu shan mai ne, in ya faɗi riba suka ci. Mu kuwa da shi muke samun dala. Faɗuwar da ta rage naira goma a lita, ita ce dai ta karya nairar kanta. Dalar da take wajen 160 a 2014 ta koma kusan 200 a banki a farkon 2015. A watan Yunin shekarar Babban Banki ƙarƙashin Emefiele ya hana dalar gwamnati ga kaya iri 41. Ranar 11 ga Mayun 2016 lita ta tashi daga 86.50 zuwa 145, alhali ɗanyen mai yana araha a duniya. Zuwa farkon 2017 dala ta wuce 500 a hannun 'yan canji na Wapa.

Jif ɗin nan ta zama mana ciwon kai. Mai ya yi tsada sosai, kayan gyara duk da dala ake shigo da su, masu biki kuma kowa ya ɗaure aljihu. Ta yi wata da watanni a ƙofar gida, yara suna wasan ɓuya a bayanta. Da muka sayar, a naira kusan kuɗinmu ne ya dawo, ƙanena har yana cewa ba mu faɗi ba. Ni da na san da wace dala na saya, na yi shiru kawai. Rabi ma bai dawo ba.

Ku tambayi waɗanda suka riga ku zuwa yadda Xiaobei ta koma a 2016. 'Yan Najeriya da 'yan Angola, manyan masu saro, duk ƙasashen mai ne, a tare suka ɗauke ƙafa. Shaguna suka yi ta rufewa, mu 'yan loda sai mu yini ba mu taɓa kwali ba. Gaskiya ba mai ne kaɗai ba, akwai tsananin biza da sintirin 'yan sanda, amma rashin dala shi ne ya fi kashe kasuwa. Abin da ya ci gaba da tafiya a lokacin, a iya abin da na loda da hannuna, shi ne kayan gyaran babur da na A Daidaita Sahu, taya, sarƙa, fulogi. Mutum ba ya iya sayen sabo, sai ya lallaɓa tsoho. Haojue da ake ƙerawa a Jiangmen, nan kusa da mu, masu kayanta ba su yi kuka kamar sauran ba.

An maimaita a 2020. Korona ta rufe duniya, a watan Maris aka sauke lita daga 145 zuwa 125, kafin shekara ta ƙare ta haura 160. Mu a nan ma ba ta mota muke ba, watan Afrilun nan kowa ya san halin da baƙar fata ya shiga wajen neman makwanci. Sai 29 ga Mayun 2023, Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura dubu. Manyan motoci suka cika wuraren dillalai, kowa yana neman Corolla ko babur.

Saboda haka in an kira ka an ce mai ya sauka, tambayi dalili. In gasa ce tsakanin matata da masu shigo da mai, wannan daban. In kuwa ganga ce take faɗuwa a duniya, riƙe kuɗinka a dala ko RMB tukuna, ka sa ido a kan canji wata uku. In kuma dole sai an sayi abin hawa, a yi lissafin da lita ta ninka, a ga ko zai ciyar da kansa.

Masu tambayata batun babur mai lantarki kuma, kafin ka biya kuɗin kwantena tambayi masana'anta nawa ne batir shi kaɗai, ka kuma tambayi wanda zai hau shi a gida awa nawa suke samun wuta a unguwarsu. Ƙanena ya sake kira ranar Juma'a, na ce ya fara turo mini wannan amsar.